Kayanka a Kan Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kwantena, Tasha da Labaran Jiragen Dakon Kaya

An tattaro tambayoyin nan ne daga waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu odar kaya daga Sin, Dubai, Indiya da Turkiyya, da kuma masu fitar da riɗi da zoɓo. An fara da na farkon shiga harkar, sannan aka gangara zuwa masu ɗan zurfi.

Mu da muke nesa da teku, me ya haɗa mu da labarin jiragen ruwa?

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan da ƙasashe ke cinikinsu, in aka auna da yawansu, ta ruwa suke bi. Shaddar Kantin Kwari, babur, fanel ɗin sola, tayar mota, alkamar burodi, duk sai da suka yi makonni a cikin jirgi kafin su hau tirela. Shi ya sa in aka ce jirgi ya toshe Suwez, ko kwantena ta yi wuya a tashar Ningbo ta Sin, bayan wata biyu ko uku za ka ji abin a farashin dila a Kano da Maraɗi.

Kaya nawa kwantena take ci?

Ana auna cikinta da CBM, wato fili mai mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a tsayi. Mai ƙafa 20 tana da kusan CBM 33, mai ƙafa 40 kusan 67, doguwar mai ƙafa 40, wato mai ƙarin tsayi sama, kusan 76. Wannan a takarda ne. Katan ba ruwa ba ne da zai cike kowane lungu, don haka ka yi lissafin kusan 28 a ƙaramar, 58 a babbar, 68 a doguwar.

Sai nauyi. Yawancin kwantenoni iyakarsu kilo 30,480 ne har da nauyin ƙarfen kwantenar, ƙarama da babba duk ɗaya. Ke nan mai kayan nauyi irin tayil, ƙusa ko batir, ƙaramar zai ɗauka, domin zai kai iyakar nauyi tun wuri bai cika ba. Mai takalma, robobi ko jakunkuna doguwar ta fi masa. Tun 1 ga Yuli 2016 dokar duniya ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai mai tura kaya ya ba da tabbataccen nauyinta, kuma ƙarya a nan tana sa a sauke ta, jirgi ya tafi ya bar ta.

Kayana ba su kai cika kwantena ba. Yaya zan yi?

Haɗaka za ka shiga. Ka kai kayan sito ɗin ejan a Gwangzu ko Yiwu ko Dubai, a auna, a haɗa da na wasu. Lissafin ba wuya: katan mai santimita 60 da 40 da 50 shi ne CBM 0.12, guda 100 sun zama CBM 12. Ka auna da kanka kafin ka kai, domin tef ɗin mai sito ba kullum yake yarda da naka ba. In kayan masu nauyi ne, da nauyi za a caje ka maimakon fili, duk wanda ya fi kawo wa mai jigila kuɗi. Da zarar ka doshi CBM 15, ka tambayi kuɗin ƙaramar kwantena sukutum ka kwatanta.

Illar haɗaka biyu ce. Ta farko, takardar lodi da sunan ejan take fitowa, kai rasit kawai gare ka, saboda haka amanarsa ita ce duk tsaronka. Ta biyu, laifin wani yana shafar kowa: mutum ɗaya ya cusa magani marar rajista ko kakin soja a katan ɗinsa, kwastam ta riƙe kwantenar gaba ɗaya, mutum talatin su yi ta jira. Ka rubuta alamarka da lambar katan a ɓangarori biyu na kowane katan, ka ɗauki hoto a sito.

Mene ne FOB da CIF da ake rubutawa a takardar farashi?

Sharuɗɗan ciniki ne da ke fayyace inda hannun mai sayarwa ya tsaya. A FOB, shi zai kai kaya tasharsu ya ɗora a jirgi, kuɗin jirgi da inshora naka ne. A CFR ya biya kuɗin jirgi har tasharka. A CIF ya ƙara da inshora. EXW kuwa a ƙofar masana'anta za ka karɓa, komai daga nan wuyanka.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a FOB da CFR da CIF duka, hatsarin kaya yana dawowa kanka ne tun ranar da aka ɗora su a jirgi a can. Biyan kuɗin jirgi da mai sayarwa ya yi bai sa ya ɗauki asarar hanya ba. Sannan CIF mai arha sau da yawa tarko ne. Mai sayarwa ya nemo ejan mai sauƙi a can, ejan kuma ya fanshe a nan, da caje-cajen da ba ka san da su ba sai kaya sun iso. Wanda yake da ejan da ya yarda da shi, FOB ya fi masa.

Mece ce BL, me ya sa ake cewa kada ta ɓace?

Takardar lodi ce da kamfanin jirgi ke bayarwa bayan an ɗora kaya. Aiki uku take yi: rasit ce, shaidar yarjejeniyar dako ce, kuma wanda ya riƙe ta ta asali shi ke da ikon karɓar kayan. Yawanci kwafi uku na asali ake fitarwa, ɗaya ya isa a saki kaya. In ta ɓace, kamfani ba zai saki kwantena ba sai ka kawo lamunin banki mai nauyi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce sakin teleks: mai tura kaya ya mayar da na asalin a ofishin kamfani a can, su aiko wa ofishinsu na nan da izini. Ba zai yi hakan ba kuwa sai ka cika masa kuɗinsa.

Kafin a buga ta ana turo daftari. Ka zauna ka karanta shi harafi-harafi: sunan kamfaninka kamar yadda yake a rajista, lambar Fom M (takardar shigo da kaya da ake buɗewa a banki), lambar kwantena da ta hatimi, yawan katan, bayanin kaya. Gyara kafin jirgi ya tashi ba ya cin komai ko kaɗan yake ci. Bayan an miƙa wa kwastam jerin kayan jirgi, harafi ɗaya zai iya cin mako biyu, damarej, wato cajin riƙe kwantena, kuma tana tafiya.

Waɗanne takardu ake bukata a Najeriya?

Fom M shi ne farko, ana buɗe shi ta banki kafin a yi lodi, da takardar farashi ta farko da shaidar inshora daga kamfanin cikin gida, da lambar harajin kamfaninka. Kayan lantarki, taya, kayan gini da makamantansu suna bukatar shaidar inganci ta SONCAP daga hukumar SON. Abinci, magani, kayan shafa da sinadarai na NAFDAC ne. Bayan jirgi ya taso, banki zai tura takardun ƙarshe, kwastam ta fitar da PAAR, wadda ke nuna lambar rukunin kaya da ƙimar da ta yarda da ita. Da ita ejan mai lasisi zai shigar da bayani, a biya diyuti, a duba kaya da na'ura ko a buɗe a gani, a sake su.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a yi lodi kafin Fom M ya fito. Jirgi ba ya jiran takarda.

Yaya ake lissafin diyuti?

A kan ƙimar CIF ake yi, wato kuɗin kaya da na jirgi da inshora. Jadawalin harajin ECOWAS mataki biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, wasu kayan kuma ana ɗora musu ƙarin haraji. A ƙaddara kayan dala 20,000 ne a rukunin kashi 20: diyuti 4,000, harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya, dala 100, sannan VAT na kashi 7.5 wanda ake ɗora shi a kan jimlar kaya da haraji, ya haura 1,800. Akwai ƙananan caje-caje da ke canzawa. Na kashi 4 a kan FOB, alal misali, an fara karɓarsa an kuma dakatar fiye da sau ɗaya a 2025, don haka ka sa ejan ya nuna maka takardar lissafin kwastam ta ranar.

Abin da ya fi girgiza 'yan kasuwa a shekarun nan canjin kuɗi ne. Dalar da kwastam ke lissafi da ita ba ta kai naira 500 ba a farkon 2023, amma a 2024 ta haura 1,500. Kaso bai canza ba, kuɗin ya ninka uku. Shi kuma ejan da ya ce zai rage maka ta hanyar canza lambar rukuni ko rage ƙima, ka sani in aka gano a ƙofa ko a hanyar Arewa, kai za a bi da cikon kuɗi da tara. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kwana nawa kaya suke yi daga Sin zuwa Legas?

A kan ruwa kwana 30 zuwa 45, gwargwadon ko jirgin kai tsaye ne ko za a sauya jirgi a Singafo, Lome ko wata tasha. Amma ka haɗa da jiran cikar kwantena, jiran jirgi, fito da tafiyar tirela. Daga biyan kuɗi zuwa shago, wata biyu da rabi zuwa uku ne lissafin mai hankali.

Lokuta biyu sukan ɓata lissafi: sabuwar shekarar Sin, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, inda masana'antu ke rufewa makonni, da hutun makon farko na Oktoba. Kamfanoni kan soke tafiyar wasu jirage a lokutan. Mai odar kayan Sallah ya duba inda azumi ya faɗo a shekarar, ya ƙirga baya.

Mece ce damarej, yaya ake kauce mata?

Kwantena ba taka ba ce, aro ce. Kamfanin jirgi yana ba ka kwanakin kyauta, in suka ƙare ya fara cajin kowace rana har ka dawo masa da ita wayam. Ita ma tasha tana cajin kuɗin ajiya daban, tun daga 'yan kwanaki bayan sauke kaya. Mutane biyu ke nan suke ƙirga maka kwana a lokaci guda, kuma dukkansu mataki-mataki suke hawa: kuɗin rana a mako na uku ya fi na makon farko nesa ba kusa ba. Cajin babbar kwantena kuma ya fi na ƙarama.

Ga ɗan Arewa abin ya fi ciwo, domin tirela za ta yi kilomita fiye da 1,000 zuwa Kano, a sauke, ta koma, agogo na tafiya. Shi ya sa da yawa suke juye kayan cikin wata mota a Legas su mayar da kwantena nan take. Akwai kuma kuɗin jinginar kwantena da kamfanin jirgi ke riƙewa, wanda daga ciki yake zare damarej da kuɗin gyara. Ka ɗauki hoton kwantenar ta kowane ɓangare ranar karɓa da ranar mayarwa, ka adana takardar shaidar mayarwa, in ba haka ba lotsawar da ka tarar za a ɗora maka.

Maganin yana can farko. Ka nemi kwana 14 ko 21 na kyauta tun wajen kama wuri a jirgi, a rubuta a BL. PAAR da kuɗin diyuti su kasance a hannu kafin jirgi ya iso (duba amsar takardu a sama). Kayan da aka bari suka daɗe ƙwarai, kwastam na da ikon yin gwanjonsu.

Wace tasha ta fi, kuma mene ne amfanin tashoshin tudu na Arewa?

Apapa ce tsohuwa. Tin Can an buɗe ta a 1977, bayan cunkoson 1975 lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi watanni suna jira a bakin Legas. Motoci galibi ta Tin Can suke sauka. Matsalar biyun hanya ce, wadda ta sa aka kawo tsarin kiran tirela na Eto a 2021. Lekki, da aka ƙaddamar a Janairun 2023, zurfinta mita 16.5 ne, tana karɓar manyan jiragen da ba sa iya shiga Apapa da cikakken lodi. Onne kuma kusa da Fatakwal take. Kada ka zaɓa don suna: ka haɗa kuɗin jirgi, na tasha da na tirela, sannan ka duba inda ejanka ya san kan aiki.

Tashar tudu ta Kaduna an buɗe ta a Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a Janairun 2023, akwai kuma ta Funtuwa. Manufar ita ce kwantena ta wuce da hatiminta, a yi fito a gida. Sharaɗin shi ne a rubuta tashar tudun a BL da Fom M tun farko. A ganinmu ribarsu ba za ta fito sosai ba sai jirgin ƙasa ya riƙa jan kwantena a kan lokaci, domin muddin tirela ce, kuɗin dizal ɗaya ne.

'Yan Nijar da Chadi fa?

Nijar ta daɗe da dogaro da tashar Kwatano ta Benin, ta gadar Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar. Ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, sai kaya suka karkata Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, a ayari da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo, jira ya yi yawa, kuma duk abin da aka faɗa a amsar damarej ya ninka. Mai kayan Nijar ya tabbata BL ta nuna cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar, ya kuma yanki takardar bin sawun kaya ta BSC tun daga tashar lodi. Chadi ta Duwala da Kiribi a Kamaru take samun yawancin nata.

Rikicin Bahar Maliya ya shafe mu, alhali jiragenmu ba ta can suke bi ba?

Gaskiya ne jirgin Sin zuwa Legas dama ta ƙasan Afirka ta Kudu yake zagayowa. Amma jirage da kwantenonin duniya tukunya ɗaya ce. A 19 ga Nuwamba 2023 'yan Husi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader, zuwa Disamba manyan kamfanoni irin su Maersk, MSC da Hapag-Lloyd suka daina bi ta mashigin Babul Mandab da ke bakin Bahar Maliya. Zagayen ya ƙara wa tafiyar Asiya zuwa Turai kwana 10 zuwa 14. Kowace tafiya ta riƙe jirgi da kwantena fiye da da, sai aka janyo jirage daga wasu layuka, tashoshi irin Singafo suka cunkushe, farashi ya tashi har a layin Afirka ta Yamma. Masar ta fi kowa ji a jiki: kuɗin shigar Suwez ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kusan biliyan 4 a 2024.

Me ke sa kuɗin jirgi ya hau ya sauka haka?

Gina jirgi shekaru yake ɗauka, bukatar kaya kuwa cikin wata guda take canzawa. Ma'aunin kuɗin dakon babbar kwantena na kamfanin bincike na Drewry ya tashi daga kusan dala 1,400 a 2019 zuwa sama da 10,000 a Satumbar 2021, lokacin korona, ya kuma dawo kusa da inda ya taso a ƙarshen 2023. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ji ƙari, ka duba mai, cunkoso, yaƙi ko soke tafiye-tafiye. Idan an ba ka farashi, ka tambayi ranar ƙarewarsa, da ko ya haɗa da cajin mai, na lokacin cunkoson kaya da na tasha.

In kaya suka jiƙe ko jirgi ya yi hatsari, wa zai biya?

Kada ka dogara da kamfanin jirgi. Dokokin dakon ruwa sun ƙayyade abin da zai biya a kan kowane ƙunshi ko kilo, kuma sau da yawa bai kai rabin ƙimar kaya ba. Inshora mataki uku ce: A ta fi faɗi, B tsaka-tsaki, C manyan haɗura kawai irin gobara, nutsewa da karo. C ita ce mafi ƙarancin da CIF ya wajabta, kuma ba ta biyan sata ko jiƙewar ruwan sama. Al'ada ita ce a yi inshorar kashi 110 na ƙimar kaya. Ka tabbata ta kai har sito ɗinka, domin ɓarna da yawa a kan titi take faruwa. In ka ga hatimi ya canza ko kwali ya jiƙe, ka rubuta a takardar karɓa, ka ɗauki hoto, ka sanar da kamfanin jirgi a rubuce cikin kwana uku, ka kira mai binciken inshora kafin a taɓa kayan.

Akwai wata tsohuwar doka da ke ba mutane mamaki, ta asarar tarayya. In aka yi hasara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya za su yi karo-karo gwargwadon ƙimar kayansu, har wanda nasa bai ko ƙwarzane ba. Masu jirgin Ever Given sun ayyana ta bayan ya toshe Suwez daga 23 zuwa 29 ga Maris 2021. Mai inshora, kamfaninsa zai tsaya masa. Marar ita sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a sakar masa kwantena.

Har yanzu akwai 'yan fashin teku a yankinmu?

Sun ragu ƙwarai. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a tekun Gini ne. Najeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue ƙarƙashin hukumar kula da jiragen ruwa ta NIMASA a Yunin 2021. Ƙorafin hukumomi shi ne an ci gaba da cajin inshorar hatsarin yaƙi a kan jiragen da ke zuwa duk da sauƙin da aka samu, kuma mai kaya ne ke biya a ƙarshe.

Batirin sola ana tura shi kamar sauran kaya?

A'a. Batirin litiyum yana rukuni na 9 na kaya masu hatsari. Dole a bayyana shi, a kawo takardar gwajinsa da ta bayanin sinadarinsa, a lulluɓe shi yadda doka ta ce, kuma kuɗinsa ya fi. Ɓoye shi a cikin haɗaka da sunan "kayan lantarki" yana jawo tara mai tsanani, inshora kuma ba za ta biya ba in wuta ta tashi.

Ni fitar da kaya nake so: riɗi, zoɓo, citta. Daga ina zan fara?

Rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, sai Fom NXP na fitar da kaya a banki, biyan kuɗin duba kaya na rabin kashi ɗaya na FOB, da shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan noma ta NAQS. Kuɗin cinikin dole su dawo ta banki cikin kwana 180. Ƙaramar kwantena tana cin kusan tan 19 na riɗi. Zoɓo ba shi da nauyi, babbar ma kusan tan 12 take ɗauka.

Laima da maganin ƙwari su ne ke mayar da kaya. Kayan da aka saya a Dawanau a bushe za su kwana a danshin Legas, rana ta dafa kwantena, dare ya yi sanyi, sai rufin ya yi gumi ya ɗiga a kan buhunan sama. Kafin lodi ka shiga cikin kwantenar a rufe ƙofa: in ka ga haske ko kamar bakin allura, ka ƙi ta. Ka sansana ko an taɓa zuba sinadari, ka shimfiɗa kwali a ƙasa da bango, ka rataya buhunan tsotse laima, ka bar tazara tsakanin kaya da rufi. Game da magani kuwa, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya tun 2015 saboda yawan fiya-fiya da aka samu a ciki. Ka kai samfur ɗakin gwaji kafin ka cika kwantena, ka kuma tambayi mai saye irin turaren ƙwarin da ƙasarsa ta yarda da shi, a rubuta a yarjejeniya.